Bajon makaranta a rijiyar shuni

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, aka yi ta gina firamare kusan a kowane ƙauye, an tura ni koyarwa Yashe. Kafin in kama aiki an kai mu wani kwas na makonni kaɗan, inda na ga ana buga zane a jikin yadi. Ana ɗaure wani yadi mai shara-shara a firam na katako, a toshe ko'ina sai wurin zanen, a zuba fenti, a ja shi da roba. Sau ɗaya na gani, ban ma taɓa ba. Da hedimasta ya ce yana son yara su sa bajo a aljihun riga, sai na ce na iya.

Kafinta ya haɗa mini firam. Na fara da gidan sauro, fentin ya zube ta ramukan ya zama taɓo. Na koma kan yadin rariyar tankaɗe, wannan ya fi. Na yanka haruffa a takardar siminti da reza, takardar ta jiƙe a bugu na huɗu. Na toshe da ƙaro, ruwa ya narkar da shi. Kakin zuma ne ya tsaya. Robar kuwa guntun tayar mota ce na karɓo wurin mai takalma. Fentin da na samu na shafa ƙofa ne. In ya bushe sai yadin ya sandare kamar ƙirgi, in an wanke ya farfashe.

Ranar kasuwar Kankiya na ɗauki firam ɗin a keke na nufi karofi, ko zan samu shunin da zai zauna. Rijiyoyin rini da yawa an daina aiki da su a lokacin, atamfar kanti ta cinye musu kasuwa. Na tarar da wani dattijon marini, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Na gaishe shi, na yi masa bayani. Ya ɗaga firam ɗin ya duba ta hasken rana.

"Malam, wanga rariya ce ko mi?"

"Kusan haka ne, Baba. So nake in zuba shuni a ciki ya fito da rubutun."

"Shuni ba ya zuwa wurin tufa," in ji shi. "Tufa ke zuwa wurin shuni."

Duk da haka ya ba ni ludayi guda na gwada a gabansa. Shunin ya bi yadin ya bazu, ko harafi ɗaya bai fito ba. Bai yi dariya ba. Ya ce in dawo kasuwa mai zuwa da garin rogo.

Da na dawo, ya sa aka dama garin aka dafa shi ya zama talge mai kauri. Shawararsa ita ce a juya aikin: maimakon in buga launi, in buga abin da zai hana launi shiga. Muka shimfiɗa farin alawayyo a kan tabarma, na ja talgen rogon ta firam, muka shanya. Da ya bushe ya tsoma yadin a rijiya ya ɗago da sauri, ya bar shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Na farko talgen ya saki a tsomi na uku. Na biyu ya yi kauri ya ƙi ratsa rariyar. Mun yi kasuwa biyar muna ƙara ruwa muna ragewa. A ta shida muka kankare talgen, sai ga sunan makaranta da hoton fartanya da alƙalami, fari tas a cikin shuɗi.

Hedimasta ya juya yadin gaba da baya, ya ce rigar makaranta fara ce, ba za a rina ta ba. Don haka muka buga bajo jere-jere a doguwar ƙyalle, aka rina, tela ya yayyanka ya ɗinka a aljihu. Iyaye mata sun yi ƙorafi a wankin farko, don shunin ya ɗan taɓa farin rigar. Shekara guda yaran suka sa shi. Daga nan aka kawo bajo na inji daga Kano, mai launi uku, aka ɓalle namu.

Na mayar wa dattijon da labari. Sai ya tambaya ko zan bar masa firam ɗin, in kuma yi masa wani zanen. Rubutu bai dame shi ba. Ya kira wata Bafulatana daga Kaikai da ke tallar nono kusa da karofin, ya roƙe ta ta ajiye ƙwaryarta, ya nuna mini sassaƙar da ke jikin ƙwaryar.

"Wanga nike so, Malam. Ka yi shi babba."

Na kwafa a takarda, matar tana tsaye tana cewa in yi sauri nononta zai yi tsami. Na mayar masa da adon a firam da kaki. Bayan mako biyu ya rina zane uku da shi. Bafulatanar ce ta fara ɗaukar ɗaya, daga baya 'yan rugarsu suka riƙa zuwa suna tambaya.

Da damina ta wuce aka yi mini canji zuwa Sukuntuni, zuwana Kankiya ya ragu. Na ji ya ci gaba da bugawa har rariyar ta yage, ya sa wata da kansa, ya kwaikwayi zanen da kaki. Bayan wasu shekaru na bi ta karofin na tambaye shi, aka ce ya rasu tun bara waccan. 'Ya'yansa biyu direbobi ne, ba wanda ya gaji rinin. Na yi masa addu'a, na wuce tasha.