Ƙoƙon Urugwai da Kunyar 'Yar Fari

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ba na ɗaga ido in dubi fuskarsa. Mu irin Fulanin nan ne na Birnin Kudu da Fillanci ya suɓuce mana tun zamanin kakanni, amma kunyar ta zauna daram. In yana son ruwa sai ya ce wa Inna, "A ce wa waccan ta kawo ruwa," alhali ina tsaye a gabansa. Ƙannena suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, ni ina leƙe ta bayan ƙyaure, haushi kamar ya kashe ni. Ina son mutumin nan, kuma ba ni da hanyar da zan nuna masa.

Malamin dabbobi ne a ƙaramar hukuma. Ina aji huɗu a firamare aka tura shi kwas na wata tara a kan kiwon shanu, a wata ƙasa wai ita Urugwai. Duk unguwarmu babu wanda ya taɓa jin sunanta. Malamin ajinmu sai da ya sha wuya kafin ya gano ta a taswira, 'yar mitsitsiya a Kudancin Amurka, ta maƙale tsakanin Barazil da Ajantina kamar ɗan akuya tsakanin bijimai biyu.

Da ya dawo, mutane sun sa ran ganin rediyo ko agogo. Abin da ya fito daga jakarsa shi ne wani ɗan ƙoƙo da bai wuce dunƙulen hannu ba, da bututun ƙarfe mai rariya a gindi, da fulas, da ƙullin wani koren ganye dakakke. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, ka haye teku ka dawo mana da ƙoƙo? Ai ga su nan jibge a kasuwar Gwaram."

Ya ce shayinsu ke nan, sunansa mate. A can, in ji shi, kowa yana yawo da fulas a hammata da ƙoƙo a hannu: direba, likita, tsohuwa a bakin titi, har manyan gwamnati. Kuma abin yana da doka. Mutum ɗaya ne mai zuba ruwa. Shi zai fara sha, domin zubin farko ya fi ɗaci, ba a ba baƙo shi. Sannan ya sake zubawa ya miƙa wa na kusa, wannan ya shanye tas ya mayar masa, a haka har a zagaye. Ƙoƙo ɗaya, bututu ɗaya, da mai gona da ɗan ƙodago duk baki ɗaya suke sawa.

Ya kai shi majalisarsu ta ƙofar gida, kuma a nan aka yi ta'asa. Wani abokinsa ya kama bututun ya dama kamar mai dama fura, rariyar ta toshe. Wani ya kurɓa ya ɓata fuska ya ce a miƙo sukari da madara. Wani Alhaji ya ce shi dai a zuba masa nasa a kofi, girma ya wuce a yi ta zagaye da yawu. Na ƙarshensu ya riƙe ƙoƙon yana ba da labarin wata shari'ar gona har ruwan ya huce. Kafin wata biyu kowa ya gudu, aka bar shi da laƙabin Mutumin Urugwai. Inna sau ɗaya ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce maganin shawara ma ya fi wannan mutunci. Daga nan ya koma sha shi kaɗai a gindin mangwaron tsakar gida, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Yana sha yana ba ƙannena labari, su kuwa ba sa daɗewa sai su watse wajen wasa. Ba ya dainawa. Ya san ina bayan taga ina tsince shinkafar da na gama tsincewa tun ɗazu.

A bayan tagar nan na san Urugwai. Ƙasar da shanu suka ninka mutane yawa, jajaye masu farar fuska, ba tozo, suna kiwo a cikin shinge ba makiyayi ba sanda, ciyawa kuma kore shar har ƙarshen gani. Ya ce ranar farko da ya ga haka sai da ya yi ƙwalla, ya tuna 'yan'uwansa makiyaya na ƙauyen Surko da ke bin burtali da rani suna rigima da manoma a kan kara. Suna da kogi mai faɗin da ba a hango tsallakensa. Lokacin da muke zafi su suna sanyi. In ruwan sama ya sauko, sai kowane gida ya ɗora kasko a soya wani fanke mai faɗi da huda a tsakiya, ka tambaye su dalili su ce ai ruwa ake yi. Ba sa sauri, ba sa fariya, sai fa a kan ƙwallo. Nan kam za su tuna maka sun ci kofin duniya tun kafin a haifi kakanka. Yawancinsu jikokin Turawa ne da suka zo a jirgin ruwa, mutanen ƙasar na asali kuwa an kusa ƙarar da su. Akwai baƙaƙe, jikokin bayi, da ke fitowa titi da ganguna, su hura wuta su gasa fatar kafin su fara kiɗa. Ya ce da ya ga sun kewaye wutar nan, sai ya ji kamar ya leƙa ya tambaye su mutanen gida.

Mai gonar da ya sauke shi wani tsoho ne. Da ya lura Baba ba ya cin namansu, a ƙasar da nama ne tuwonsu, sai ya jawo rago ya miƙa masa wuƙa. In Baba ya shimfiɗa darduma a gona, tsohon yakan tsaya nesa da ƙoƙo a hannu, ya jira ya sallame. Shi ne ya riƙa aiko masa da ganye ta gidan waya duk shekara.

"A can," Baba yakan ce wa mangwaro, "in aka ga mutum yana sha shi kaɗai, tausayinsa ake ji."

Sai ya miƙa ƙoƙon wajen taga, fuskarsa na kallon wani gefe, ya ce, "In akwai mai so." Ni kuwa sai in sunkuya in bar wurin. In sa bakina inda Baba ya sa nasa, a gabansa? Ya yi mini wannan tayi ya fi a ƙirga, tun ina 'yar firamare har na gama kwalejin horon malamai, har aka kai ni ɗakina a Gwaram. Ko sau ɗaya ban karɓa ba. Na ɗauka tarbiyya nake nunawa, kuma kowa ya yaba mini.

Ina da 'ya'ya uku lokacin da wasiƙa ta zo daga 'yar tsohon, cewa mahaifinta ya rasu. Ganye ya daina zuwa. Baba ya riƙa tattalin ƙullin ƙarshe, daga duk Juma'a ya koma wata-wata. Wata Laraba Inna ta kira ni a waya ta ce, "Babanki ya ce a ce wa waccan ta zo jibi. Wai ganyen saura zubi ɗaya."

Na je. Na same shi a gindin mangwaro, na durƙusa nesa na gaishe shi, idona a kan tabarma. Ya juye ganyen, ya zuba ruwa, na ji ɗan ruwan ya zuba a ƙasa. Ya shanye zubin farko. Ya sake zubawa ya miƙo, wannan karon bai ce in akwai mai so ba.

Na karɓa da hannu biyu. Sannan na yi abin da kowace 'yar fari mai hankali za ta yi: na tashi na shige ɗakin Inna, na juya baya na sha. Ɗaci ne zalla da ƙanshin hayaƙi. Na fito ina jin na yi bajinta, na ajiye ƙoƙon kusa da ƙafarsa. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Can ya ce, "Ke, ai ba don ganyen na kira ki ba. A can, mai sha yana zama ne ya dubi wanda ya zuba masa. Zauna."

Na zauna a bakin tabarmar. Ya laluba ya ɗauki fulas, ya kara bakin fulas ɗin da bakin ƙoƙon, ya karkata kunne yana sauraron ƙarar ruwan. Ya miƙo. Na sa bututun a baki, na tattara duk ƙarfin da nake da shi, na ɗaga kai.

Gemun ya yi fari fat, wannan na sani daga nesa. Abin da ban sani ba shi ne idanunsa. Yanar ido ta rufe su duka biyun, fari-fari. Ƙannena sun sani, Inna ta sani, ya hana a gaya mini don kada in tayar da hankalina, ni kuma na yi ta zuwa ina gaishe da ƙafafunsa ina komawa. Shekara talatin yana miƙo mini ƙoƙon nan da idanu lafiyayyu.

Hawaye ya zubo mini, na danne murya don kada ya ji.

Ya ce, "Kina kallona?"

Na ce, "Ina kallonka, Baba."

Ya yi murmushi ya ce, "To madalla. Ni ma ina kallonki."

Fuskarsa tana fuskantar bangon da ke gefen kafaɗata. Na matsa a hankali a kan tabarmar, har na zo daidai inda yake kallo.