Inno Ba Ta Farawa Sai An Amsa

Duk wanda ya tashi a gidanmu na Tambuwal ya san wurin zaman Inno. Tsakanin rumbun gero da ƙofar ɗakinta akwai ɗan fili, nan take hura wutar kara idan sanyi ya shigo bayan girbi. Da an sallame isha'i sai mu yaran gida mu jawo tabarmi da mayafai mu kewaye ta. Ita kuma ta tura dankali cikin toka, ta zuba gyaɗa a wani tsohon kasko mai ɓallallen baki. Inno ce ta haifi babanmu. 'Yar Kebbe ce, aure ya kawo ta Tambuwal, kuma duk ranar da aka ɓata mata rai cewa take a kai ta tasha. Ni sunan kakanmu marigayi aka sa mini, don haka ba ta taɓa faɗin sunana ba. Mai Gida take ce mini, idan tsokana ta motsa ta ƙara da, "mai gidan da bai san hanyar cefane ba."

Kowace tsohuwa da yadda take buɗe tatsuniya. Ita Inno sai ta buga ƙasa da sandar tonon wuta ta ce, "Ga baƙuwa ta taso daga nesa." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta iso, a shimfiɗa mata!" Idan ba a amsa ba, ko ka yi kukan jini ba za ta fara ba. Takan ce tatsuniya ba ta shiga gidan da ba a amsa mata sallama ba. Mu dai ba mu taɓa gwada ta ba, don kafin ta rufe baki mun riga mun amsa.

Ina ajin farko na sakandare Yaya Sanusi, babban wanmu, ya dawo hutu daga Sakkwato da waya mai shafe-shafe. A cikinta akwai wani wasan kati da ya ɗauke mana hankali ni da ƙanwata Rabi. Ba irin kartar bakin tasha ba ce. Kowane kati da hoton halittarsa, wani dodo mai fiffike, wani jarumi da garkuwa, wani ɗan tsuntsu da bai kai a kalla ba. Kana tara su sannu a hankali, ka zaɓi waɗanda za ka shiga fage da su, a haɗa ka da wani mutum da ba ka san ko a wace ƙasa yake ba. Kowane kati kuma yana da abin da yake ci kafin ya fito fage, wasu 'yan ɗigo shuɗɗa a gefen fuskar wayar, da suke ƙaruwa kaɗan-kaɗan a kowane zagaye.

Baba malamin Islamiyya ne, da ya ji an ce kati sai ya haɗe rai. Ya karɓi wayar ya jujjuya, ya tambaya ko ana zuba kuɗi. Yaya ya rantse ba a zubawa. Baba ya ce to, amma sai an tashi daga karatu.

Ba wanda ya iya wasan a unguwarmu, balle ya koya mana. Sai Yaya ya gano akwai gwanaye da ke bugawa suna haska kansu a intanet, jama'a na kallo. Fuskar mutum a ɗan lungu, katunansa a tsakiya, yana ta zuba Turanci da sauri kamar ana bin sa bashi. Ba ma jin ko rabin abin da yake faɗa, hannunsa kawai muke bi da ido. Wani ikon Allah kuma, duk faɗin gidanmu babu inda sabis ke kamawa da kyau sai kan wani turmi da ke kife dab da wutar Inno. Nan muke jingina wayar mu dunƙule, ɗumin wutarta a bayanmu, ita kuma mun ba ta ƙeya.

A nan Yaya Sanusi ya kawo wata dabara da har yau idan na tuna sai na yi dariya. Data tsada gare ta, bidiyon kuma dogaye ne. Sai ya ce, "Mi za mu yi da farko? Farko surutu na. Ƙarshe aka cin wasa." Yakan ja bidiyon da yatsa har wajen ƙarshe, daidai inda gwanin zai saki wani ƙaton dodo, wuta ta tashi, abokin karawa ya tarwatse. Mu yi ta ihu. Da haka muka yanke cewa sirrin wasan manyan katuna ne. Muka watsar da duk 'yan ƙananan, muka cika jakarmu da ƙatti zalla.

Kai, mun sha kashi! Za a fara wasa, hannunmu cike da dodanni, amma ko ɗaya ba ya fitowa don ɗigon ƙarfinmu bai kai abincinsa ba. Muna zaune muna kallo 'yan tsakin abokin karawa su yi ta tsattsagar mu har mu mutu. Yaya ya ce sabis ne. Gobe ya ce ni na taɓa masa hannu. Jibi ya ce mutanen can maguɗi suke yi.

Muna cikin wannan hali wani dare Inno ta buga sandarta ta ce, "Ga baƙuwa ta taso daga nesa." Na ji ta sarai, amma daidai lokacin dodo na shirin sauka, na ɗauka Rabi za ta amsa. Rabi ta ɗauka ni zan amsa. Ba wanda ya amsa. Inno ba ta maimaita ba. Ta tono dankalinta, ta ɓare, ta ci abinta. Washegari haka, wanshekare haka, daga nan ta daina buga sandar ma.

Sai ga shi wata safiya ta fito da kwallayenta tana wankewa, ta shanya zannuwanta, ta aika a gaya wa direban motar Kebbe ya ajiye mata gaba ranar kasuwa. Ta ce za ta koma wurin Goggo Balki, 'yarta da ke aure can. Baba ya durƙusa ya yi ta ba ta haƙuri, yana tambayar wa ya yi mata laifi.

"Ba wanda yay yi min komi," in ji ta. "Can ɗiyan Balki na da kunnuwa. Nan ko sai idanu."

Yaya ya ce barazanar da ta saba ce. Ni kuwa da na ga ta ɗaure har kaskon gyaɗar nan cikin tsumma, sai na san da gaske take. Inno ba ta taɓa ɗaure kaskon ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ban san yadda gidanmu zai kasance babu wutar nan ba.

Ana gobe kasuwa ta hura wutarta kamar kullum. Ranar Yaya ya samu data mai ɗan kauri, sai ya buɗe wani gwani da ke bugawa kai tsaye. Wannan ba a jan sa gaba, dole ka bi shi yadda yake tafiya. Mutumin ya ɗaga hannu yana gaisuwa yana dariya. Sai muka ji muryar Inno a bayanmu.

"Mai Gida, jaye kanka in gani. Wanga bawan Allah lafiya tai? Shi ɗai shika magana, shi ɗai shika dariya?"

Na matsa mata. Na nuna mata rubutun da ke ta gudu a gefe, na ce ai waɗannan duk mutane ne, daga garuruwa daban-daban, suna amsa masa. Ya yi gaisuwa, su kuma suna mayarwa.

Ta ƙura wa rubutun ido.

"Ashe shi ma sai an amsa mai," ta ce. "Shi da ke bayan duniya, waɗanda ba su san uwatai ba sun amsa. Ni ga ni ga jikokina, hayaƙi guda muka shaƙa."

Ba faɗa ta yi ba, murmushi ma take. Wallahi da ta zage mu da ya fi mini sauƙi. Can sai Rabi, da ƙaramar muryarta, ta ce, "Ta iso, a shimfiɗa mata."

"Wa ta iso?" in ji Inno. "Ni ban ga kowa ba. Baƙuwa ta yi fushi ta koma."

Muka faɗa mata da roƙo. Na ce zan yi cefanen shekara. Ta ce da wane aljihun? Yaya Sanusi da kansa, da gemunsa da ya fara tsiro, ya ce Inno a yi haƙuri. Ta ja mana rai son ranta, sannan ta miƙo akushi ta ce a kife abin nan. Aka kife wayar da shi. Ta buga sanda, muka amsa da ƙarfin da sai da Baba ya leƙo daga zaure.

Tatsuniyar gayyar giwa ta ba mu. Wani manomi ne mai ji da kansa, geronsa ya nuna, ga hadari na haɗuwa. Ya ce shi ba zai kira gayyar tarkace ba, sai manya. Ya gayyato giwa da ɓauna da dorina. Maƙwabciyarsa kuwa, wata tsohuwa, ta kira zabuwa da kurege da gafiya da tururuwa. To, gayya ba ta aiki sai an ci. Giwa ta zauna bakin gona ta ce ko zangarniya ba za ta taɓa ba sai an cika mata kwatarniya da fura. Ɓauna ta ce ita ma haka. Gidan manomi aka shiga daka ba ji ba gani. Ita ko tsohuwa, tsaba ta watsa wa zabuwa, ta ba kurege 'yar gyaɗa, nan da nan suka kama aiki. Gafiya na yanka, kurege na ɗauri, tururuwa na tsince abin da ya zube. Suna yi tana dama fura kaɗan-kaɗan tana tarawa. Can da yamma ga giwa ta biyo hanya da yunwa, ta gaji da jiran manomi. Tsohuwa ta ce bismilla. Giwa ta shanye, ta kwashe dammunan duka a tafiya guda ta kai rumbu.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. "Yaya! Wallahi mu ne manomin! Giwaye muka tara ba fura!"

"Zauna, mai gidan banza," in ji Inno. "Wa ya koya maka tsinka baƙuwa tana magana?"

Na zauna. Ta ƙarasa, ruwa ya sauko ya jiƙe geron manomi, ɓauna da dorina na zaune suna jiran fura. Ta rufe yadda ta saba, "Baƙuwa ta naɗe tabarma, wanda bai ba ni gyaɗa ba kunnensa ya yi tsawo."

Da aka buɗe akushi gwanin nan na shirin fara sabon wasa. Karon farko ke nan muka ga farkon wasan gwani da idonmu. Ga shi kuwa, ɗan tsuntsun nan da muka raina shi ya fara saukewa. Yaya ya dafe kai. Muka dawo da ƙananan katunanmu, muka bar ƙato ɗaya tak. Inno ta matso tana raɗa musu suna, wannan Zabuwa, wancan Kurege, ɗigon ƙarfi kuma fura. "Kak ku saki Giwa, fura ba ta cika ba!" Da ta cika, Rabi ce ta danna. Muka ci! Mun yi tsalle har na taka toka mai zafi, Inno na tafa hannu tana dariya har da hawaye.

Da safe yaron mota ya zo ɗaukar kaya. Ta leƙo ta ce a ba wani gaban, ita tana da gayya. Kafin azahar kasko ya koma mazauninsa. Daga ranar aka raba dare biyu, baƙuwa tukuna, sannan kati.

Na daɗe ina ɗauka darasin daren nan shi ne kada a raina ƙarami, kada kuma a fara abu daga wutsiya. Gaskiya ne, ya kuma yi mini amfani a karatu da sana'a. Amma sai bara na gane ɗaya rabin. Ina zaune a Sakkwato yanzu, ina gyaran waya, na ce bari in fara haska wasan nan kai tsaye da Hausa, saboda yara irinmu da ba sa jin Turancin gwanaye. Na gaya wa mutanen gida ranar da zan fara. Na jingina waya, na gyara hula, na ce, "Ga baƙuwa ta taso daga nesa."

Shiru. Gefen rubutu fari fat, ba kowa. Na zauna ina kallon fuskata, katuna a shirye, na kasa taɓa ko ɗaya. A nan na ɗanɗani abin da Inno ta haɗiye tare da dankalinta, har na kai hannu zan kashe.

Sai rubutu ya fito, da sunan Rabi: "Inno ta ce ta iso, a shimfiɗa mata. Ta ce kuma ka gyara zama, Mai Gida, hularka ta karkace."

Na gyara hular, na fara daga farko.