Lemon Da Na Riƙa Kai Wa Inna A Ɓoye

Edita, ina roƙon ka ɓoye sunana. A shekarun da Jalingo ta fara cika da ma'aikata bayan an ba mu jiha, ni saurayi ne mai shago a unguwar Sintali, da firji biyu cike da lemon kwalba. An san ni da gardama, kuma ba na yarda a kayar da ni. Kullum bayan la'asar samari sukan cika bencin ƙofar shagona, cikinsu har da aminina tun firamare, mutumin garin Kona, wanda ya zama malamin asibiti.

Da gwamnati ta kawo sabon haraji a kan kaya, lemo ya yi tsada, ciniki ya ja baya. Wata rana ina ta faɗa a kan haka sai aminin nan ya ce shi duk cikin kayan da aka ƙara wa kuɗi, lemo ne kaɗai bai ji tausayinsa ba, da shi ne ma da ninka harajin zai yi, saboda masu ciwon suga da yake gani kullum. Na taso masa. Na ce baligi da kuɗinsa da bakinsa ba wanda ya isa ya zaɓa masa abin da zai sha, gwamnati ba ubanmu ba ce. 'Yan benci suka yi ta shewa, shi kuwa ya yi murmushi kawai. Na koma gida ina jin kaina gwarzo.

Ba a rufa shekara ba aka gano Inna, mahaifiyata, tana da ciwon suga. Tun rasuwar Baba ba abin da take so kamar lemo mai sanyi da tsakar rana. Aminina da kansa ya zo ya durƙusa gabanta, ya yi mata bayani da Fulatanci dalla-dalla, Adda kuma, yayata, ta dawo gidan tana kula da abincinta. Bayan 'yan makonni Inna ta kira ni ɗaki, ta ce bakinta ɗaci yake yi, an mayar da ita kamar jaririya, ko ni ma na bi sahunsu ne? Washegari da Adda ta tafi kasuwa na ɓoye kwalba ɗaya cikin riga na kai mata. Daga nan ya zama kullum. Nakan ce wa kaina 'yancinta ne. Gaskiya kuwa ina jin daɗin albarkar da take sa mini, kuma ba na so a ce aminina ne ya yi gaskiya.

Da aminina ya ga awon sugan Inna ba ya sauka duk da magani, ya same ni a shago ni kaɗai ya tambaye ni ko ni ke kai mata lemo. Na fara musu, daga baya na ce ai ba uwarsa ba ce. Sai ya ce, “Ni ma tuwonta na ci na girma.” Bai sake zama a bencin ba.

Ƙaya ce ta soki Inna a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Aka kai ta Yola, aka yanke ƙafar, bayan wata huɗu Allah Ya karɓi abarsa. Ranar da ake kwashe kayanta Adda ta ci karo da marafen kwalba ƙulle a tsumma a ƙarƙashin katifa. Ni kwalaben nake ɗaukewa, ashe Inna marafen take ɓoyewa don kada a zarge ni. Adda ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye ƙullin a gabana ta koma gidan mijinta a unguwar Kachalla Sembe, daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Aminina ya zo ta'aziyya, ya yi addu'a ya tashi. Masu yi mini shewa suka watse ɗaya bayan ɗaya, don na daina magana. Sai in wuni a shago ba abin da nake ji sai ƙugin firji, in koma gida ba mai amsa mini sallama.

Na sani kwana ne ya ƙare, wani likita ma ya ce ko ba lemo ciwon na iya kaiwa can. Amma hakan bai sauke mini nauyi ba. Har yau in na ji ana muhawara a rediyo kan harajin kayan zaƙi ba na sa baki, ban san ko haraji na hana mutum abin da ransa ke so ba. Abin da na gane shi ne, Inna ta zaɓi ta sha, amma hannun da ya miƙa mata nawa ne, wannan kuwa zaɓina ne, ba nata ba. Duk mai jinyar iyaye, ina roƙonka, in sun nemi abin da zai cutar da su ka zauna ka lallashe su, ko da za su yi fushi da kai. Da na hana Inna, da fushinta ya wuce cikin kwana biyu. Ni kuwa na guje masa, ga shi na tsufa ina neman wanda zan ba haƙuri.