Gaisuwa a Filin Kokawa

A shekarar da aka sauke tutar Turawa, ko wadda ta biyo bayanta, ba zan rantse ba, na dawo Bagudo daga makarantar horon malamai. Samarin unguwarmu duk sun riga sun karɓi ɗamarar kokawa daga hannun kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ke horar da su. Ɗamarar fata ce, kuma wanda bai da ita ba ya shiga fili idan baƙin 'yan kokawa sun zo. Sharaɗin samunta ɗaya ne: a haɗa ka da wani, ka tsaya da ƙafafunka har makaɗi ya ƙare kiɗinsa. Gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, ka faɗi.

Na yi damina guda ina koyo bayan na tashi daga koyarwa a aji. Aka sa ranar gwaji bayan yankan shinkafa.

Ran nan ko koko ban iya sha ba. Na sake alwala ba don ta karye ba, na zauna, na tashi. Abin da ya ɗan taimake ni shi ne tafiya. Na bi bakin kogi ina maimaita wa kaina cewa ba kayar da kowa aka ce in yi ba, tsayuwa kawai.

Da la'asar fili ya cika, har da fatake daga tsallaken Dahome. Ina ta duban samari ina lissafin wanda za a ba ni, sai na ga Kawu da kansa yana tuɓe riga.

Tun ina yaro ban taɓa tsayawa gabansa a miƙe ba. Makaɗi ya sa gula, Kawu ya matso, ni kuwa gwiwata ta riga tunanina. Na durƙusa.

"Barka da yamma, Kawu."

Fili ya fashe da dariya. Makaɗi ya ɗaga murya, "Malam ya hwaɗi da ladabi! Ko taɓa shi ba a yi ba!"

"Ɗan nan, mi ka yi haka?" in ji Kawu. "Kaye ne fa."

Kunya ta rufe ni, amma na san in na fita yau, ba lalle in sake dawowa ba. Na miƙe.

"Kawu, a ganina, in ban yi kuskure ba, gaisuwa ce. Ina roƙon a sake kiɗin."

"A ganinka! To, nan babu kawu. Dube ni cikin ido."

Wannan ya fi kokawar wuya, amma na dube shi. Aka sake kiɗi. Ya cafke wuyana, ya girgiza ni, ya sa mini ƙafa ta dama, ya sauya ta hagu. Na buɗe ƙafafu kamar yadda ya koya mini, na kafe. Numfashina ya ƙare, kunnuwana suka toshe. Mai yiwuwa ya sassauta mini, ban sani ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Na dai san kiɗi ya tsaya ina tsaye.

Ya ɗaura mini ɗamarar da hannunsa. Ta yi mini yawa, don haka washegari na kai wa baduku ya rage ta.