Kunyar Uwar Miji Ta Kashe Mini Mage

A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce a unguwar Ka'akiyya da ke Makka, ba na aikin fita, sai dai ina da abin da dangi ke kira haukata, wato jinyar maguna. Akwai wani gida da wasu mata 'yan sa-kai suke tara magunan titi. Lafiyayyu kan samu mai ɗauka nan da nan, gurguwa da makauniya kuwa sai su tsufa a keji. Irinsu nake ɗaukowa in yi jinya, idan sun farfaɗo in nema musu gidan da zai iya da su. Baki kuwa ina da shi, duk wanda ya zo neman mage wurina sai ya sha tambayoyi kamar mai neman auren 'yata.

Cikinsu akwai wata fara mai ciwon suga. Likitan dabbobi ya ce allura safe da yamma, abincinta daban, in aka yi wasa mutuwa za ta yi. Na sha wahalarta har ta yi ƙiba, na kuma samo wata nas da ta yarda za ta ɗauke ta bayan aikin Hajji. Ana haka Hajiya, uwar mijina, ta zo daga unguwar Utaibiyya. Magen nan da ba ta kula kowa ta je ta haye cinyarta ta kwanta. Hajiya ta shafa ta, ta ce kai, wannan ta shiga ranta, ga shi kaɗaici ya ishe ta a gida. To, kun san halinmu: uwar miji ta yaba abu a ɗakinki, ai ya zama nata. Ni da ko sunanta ba na faɗa, ta ina zan ce a'a? Na ji bakina yana cewa ai tata ce.

Na haɗa allurai da abincin, na zaunar da maigida na karanta masa komai dalla-dalla don ya isar. Bawan Allahn nan ya je ya ce mata wai magen ba ta ɗan jin daɗi ne, a riƙa lura da ita. Shi ke nan fa, bayanina gaba ɗaya! Kashegari ya tafi Mina aikin alhazai ya bar ni da jidali.

Da na je gaishe da Hajiya, na tarar da alluran a saman kabad, cikin zafin Makka, abin da wurinsa firji ne. Hajiya ta ce a riƙa huda baiwar Allah kullum kan ɗan rashin jin daɗi zalunci ne, ita zamzam take ba ta. Ta ce kuma magen ba ta ƙoshi, ba ta daina shan ruwa, da alama a gidana horon yunwa ake mata, shi ya sa take zuba mata shinkafar kabsa da madara mai sukari. Madara mai sukari, jama'a! Wannan yunwa da ƙishirwa ai su ne ciwon. Na sani sarai, amma ina durƙushe kaina a ƙasa, abin da ya fito daga bakina shi ne Allah ya saka da alheri. A hanyar gida na yi ta masifa ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Na kira maigida, ya ce yana cikin cunkoso, in yi haƙuri ya dawo. Haka na yi ta zuwa ina kallon magen tana ramewa, ina komawa ina cin kaina.

Ranar da na same ta kwance a bakin banɗaki ba ta iya ɗaga kai, ban nemi izinin kowa ba, na naɗe ta a mayafina sai asibitin dabbobi. Likita ya dube ni ya tambaya ko ba ni ya yi wa bayani ba. A wurinsa ta mutu.

Na koma Utaibiyya cike da haushi, na tarar da Hajiya tana kuka. Ran nan dai na buɗe baki na faɗa mata komai. Ta ce me ya hana ni gaya mata tun farko cewa rai ne a kan allurar? Ta ce maƙwabciyarta ma kullum tana yi wa kanta irinta, da ta roƙe ta ta koya mata. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Har yau in na tuna takaici ne ke kama ni, na maigida da nawa. Na gane ladabi bai hana faɗin gaskiya ba, ana iya durƙusawa a faɗe ta. Don haka 'yan uwana masu wannan aiki, dabba mai magani ba kayan kyauta ba ce. Ko wa zai karɓa, ku faɗa masa da bakinku, kada ku aiki kowa. Ni na aika, kuma ni na haƙa mata rami.