Birkin Motar Auta

A layinsu ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Mai Birki ake ce masa, har matarsa in ta so tsokana. Sauran makanikai gudu suke ƙara wa mota, shi kuwa tun yana saurayi tsayawa ya sa a gaba. Garejinsa ɗaki ɗaya ne da rumfa. A ƙurya akwai injin feƙe ƙarfe da ya girmi 'ya'yansa duka, bango kuwa duk hob ne a rataye, wato cibiyar nan da ake ɗaure taya a kanta. Masu tsofaffin motocin tsere su ne mutanensa. Su zo suna cika baki wai motarsu tashi take yi, ya saurara har su gama, sannan ya tambaya, "To, a ina take sauka?"

Shi ma yana da tasa, ja, mai ƙofa biyu, sai ka durƙusa kafin ka shiga. A cikinta 'yarsa ta ƙarshe, Auta, ta koyi tuƙi, kuma a gindinta ta koyi wanke boris, zoben ƙwallayen ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansa, da shafa masa giris. Da ta gama karatu ta samu aikin likitar dabbobi a wani gari can bayan duwatsu, murna ta ɗebe shi, bakinsa ya riga tunaninsa, ya ce motar ta zama tata. Magana zarar bunu. Sai da gari ya waye ya tuna cewa in motar ta tafi, da Auta za ta tafi.

Ya kafa sharaɗi, kuma sharaɗin gaskiya ne. Birkin motar na zamanin da ne, in ya yi zafi a gangare sai ya saki. "Ba za ki hau dutse da wannan ba, sai na sa mata birki mai faifai," in ji shi. Auta ta yarda. Amma a farkon wata ake jiranta, kuma aikin na zaga gonaki ne, ba mota ba aiki.

Faifai ba ya zama a kan tsohon hob, dole a nemo wani. Mai Birki ya tafi wurin Dogo, amininsa mai sayar da tsofaffin kayan mota. Dogo ya ciro na farko. Ramin notinsa biyar, wilin motar huɗu. Wannan uzuri ne mai kyau. Na biyu zai turo tayar waje ta riƙa gogar bodi. Shi ma babu gardama. Na uku kuwa ya shige ƙafar motar daidai, boris ɗin ɗaya, ramukan huɗu, gefensa kawai ya ɗan yi faɗi, abin da injinsa zai rage kafin shayi ya huce. Mai Birki ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne.

"Ƙararsa ba ta yi mini ba."

"Ƙara?" in ji Dogo. "Kiɗa za ka yi da shi? Tun muna da gashi a ka nake sayar maka da hob, ban taɓa ganin ka saurari ɗaya ba."

Haka ya yi ta jan ƙafa, mota a kan jak, ƙafafun gaba tsirara, wata yana ƙarewa. Auta ta daina tambaya, wannan kuwa ya fi tambayar ciwo. Matarsa ce ta tare shi wata rana da hantsi, tana ninke kayan yarinyar a akwati, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Baban Auta, motar mutane kafin a ce kwabo ka gama. Ta 'yarka ce ta gagare ka?"

"Ke ba ki san ƙarfe ba."

"Ban san ƙarfe ba, amma na san mijina. Da mota ko ba mota tafiya za ta yi. Zaɓi: ta tafi a kan birkinka, ko a kan birkin direban da ba ka taɓa gani ba."

Nan ta same shi. Mutumin da bai yarda da birkin kowa ba a duniya, har keken jikansa sai ya matsa ya ji. Ya sa hula, ya koma wurin Dogo, ya ɗauki hob ɗin nan na uku da ɗan'uwansa. Dogo ya bi shi da kallo. "Yau ƙarar ta gyaru ke nan?"

Ranar ya yi aiki irin na ƙuruciya. Ya ɗaura hob a inji, ya rage gefen kaɗan-kaɗan har faifai ya zauna ba girgiza, ya fitar da gajerun kusoshi ya buga dogaye. Auta ce ke riƙe ma'auni, tana juya faifan tana karanta masa, shi yana gunaguni wai ta faye sauri. Da suka fita gwaji ta taka birki a gangaren bayan kasuwa, motar ta tsaya cak, har hularsa ta faɗo kan hancinsa. Ta yi dariya har da hawaye. Shi ma ya yi, amma ransa a jagule yake, don ya san aikin ya yi kyau, ba abin da zai sake hana ta.

Da safen tafiya aka cusa akwati a bayan kujera da ƙyar. Ya zaga motar, ya shuri tayar da ba ta yi masa laifin komai ba, sannan ya leƙo ta taga.

"Irin wannan hob ɗin, duk ƙarshen wata sai an duba boris. Kuma kar ki ba wani ya taɓa. Nan za ki kawo ta."

Matarsa ta rufe baki da gefen mayafi. Auta kuwa da hannunta ta shafa wa boris ɗin giris, ta kuma san zai yi shekaru bai nemi kowa ba. Ta dubi mahaifinta, ta ga yadda ya riƙe murfin ƙofar kamar za a ƙwace masa.

"To, Baba," ta ce. "Duk ƙarshen wata."

Sai a lokacin ya saki ƙofar.