Gwangwanin da Inna Uwaliya Ta Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 8 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, ina cikin aji a Gwarzo aka bugo mini waya cewa Inna Uwaliya ta Durun, mai maganin fata, ta riga mu gidan gaskiya. Na ajiye alli na zauna. Wallahi Inna, ba mutuwar kaɗai ta kashe mini jiki ba. Akwai maganar da ya kamata in faɗa a kanki shekara biyu da suka wuce, ban faɗa ba.

Da 'yata Jannat na fara zuwa gidanki, tana shekara huɗu, kirci ya cinye mata wuya da bayan gwiwa, tana susa har jini. Kika ɗora ta a cinya, kika lakato wani koren mai daga gwangwani kina shafa mata kina tsokana: "Ke 'yar birni, wa ya ɓata miki wuya haka?" Da na buɗe jaka sai kika harare ni: "Malama, rufe jakarki. In za ki dawo, taho mini da man kaɗanya." Cikin sati biyu susar ta lafa. Daga Gude, daga Dugabau mata suke zuwa da masu makero da ƙyasbi, kuma ba wadda ta fita ba ta sha furarki ba.

Ba ki ɓoye mini komai ba. Kin ce ganyen wiwi ne kike dafawa cikin man kaɗanya, tushe uku ne a bayan rumbunki, haka kika gada wurin kakarki, kuma na shafawa ne, ba na sha ba. Na tambayi wani likita, ya ce masana suna binciken wasu sinadaran ganyen a kan ƙaiƙayi da kumburin fata, amma ba a gama tantancewa ba, kuma doka ta hana shuka shi. Na ji, na kuma ci gaba da zuwa.

Sai ranar da aka kama wasu samari da tabar wiwi, wani ya ce a gidanki suke saya. Ƙarya ce tsagwaronta. Aka tumɓuke shukar, aka tasa ki gaba zuwa ƙofar dagaci, tsohuwa mai shekara saba'in, ana nuna ki da baki. Dagaci ya ce duk wanda ya san abin da kike yi da ganyen ya faɗa. Ina wurin, na zo karɓar mai. Kika dube ni. Na tuna aikina, na tuna bakin mutane, na ja mayafi na sunkuyar da kai. Ba ni da ja da doka, amma sunan "mai sayar wa yara wiwi" da kalma ɗaya zan iya cire miki shi. Da shi kika ƙarasa kwanakinki. Ƙafa ta ɗauke daga gidanki, har da tawa. Kullum sai in ce gobe zan je neman gafara.

A zaman makoki tsakar gida ta cika da mata, rabinsu kin yi wa 'ya'yansu magani, ana ta "Allah Ya yafe mata" da irin muryar nan ta masu ganin kin yi laifi. Sai 'yarki Mansura ta ja ni ɗaki, ta miƙo mini gwangwani ƙulle a tsumma. Ta ce, "Ragowar na ƙarshe ne. Inna ta ce a ajiye wa Jannat, kircinta yana tashi lokacin zafi. Ta yi ta jiran ki zo ki karɓa."

Kaicona! To ga shaidata, ko da ta makara: Inna Uwaliya ba ta taɓa sayar wa ɗan kowa abin maye ba. Ni Sa'adiya na sani, na kuma yi shiru ranar da ake neman shaida.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mansura da 'yan'uwanta da jama'ar Durun, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Allah Ya jiƙanki Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki yadda kika sanyaya jikin 'ya'yanmu. Ni kuma Ya sa kin yafe mini kafin ki tafi, don ban zo na roƙa ba.